Takardar Da Ta Zo Daga Dutse

Ranar Talata ce, ranar awon ciki,
benci ya cika, har gindin darbejiya an shimfiɗa zani,
sai ga Ilu direban rigakafi
ya miƙo mini ambulan da ta sha man ƙosai.
Gabana ya faɗi. Na ce shi ke nan, canjin wuri,
ko tuhuma kan kwalin safar hannun da ya ɓata bara.

Na yanka ta da almakashin bandeji.
Ashe yabo ne.
Wai ƙungiyarmu ta masu jinya ta zauna a Dutse,
an karanta ɗan littafina a bainar jama'a,
shugabar taro ta yi dariya har ta ƙware da shayi.
Wai ni, Uwani ta asibitin Harbo,
ni ce gwanar raha ta bana.

Wane littafi? Na 'yan firamare ne, mai layi,
makwancinsa ƙarƙashin akwatin sanyin allurai.
A aikin dare nake rubutu, tocila a baki,
sauro na zagaye kamar babban likita,
yana ɗibar jinina ba takardar gwaji.

To, godiyar ba tawa ba ce ni kaɗai.
Baba Tsalha na da kaso, ko da yake na sauya masa suna,
shi da na sa wa ma'aunin zafi a hammata,
bayan minti biyu ya zare, ya yi hamdala,
ya ce, "'Yata, wannan magani da ƙarfi yake,
sayar mini ɗaya in kai wa ƙanena."

Iya Tabawa kuwa, na rubuta mata sau uku a rana,
ta je gida ta wanke takardar ta shanye.
Ta dawo tana ƙorafi,
wai biron gwamnati ya fi tawadar malam ɗaci,
amma dai ƙafar ta saki.

Ban manta da akuyar mai gadi ba,
wadda ta cinye shafin rajista guda,
mutum goma sha bakwai da awon jininsu,
har yau ko ciwon kai ba ta yi ba.

Akwai shafin da ba a karanta a Dutse ba.
Daren da ruwa ya yanke hanyar Jahun,
mota ta kafe a laka,
ɗan wata tara yana jijjiga a cinyata
har ya daina.
Kwanan wata kawai na rubuta a wurin.
Da gari ya waye na wanke fuska,
na ɗaura farar riga, na tsokani Baba Tsalha.
Na san dariya ba ta saukar da zazzaɓi,
shekara uku na yi a aji.
Sai dai ita ke dafe hannun mai allura
don kada ya yi rawa.

Ke kuma Ladidi ungozoma,
da kika sace littafin kika aika ban sani ba,
na gode. Za mu gamu a shafi na gaba,
zan ba da labarin ranar da ƙadangare ya kore ki daga ɗakin haihuwa.

Ku na Dutse, Allah ya saka da alheri.
Fulas ɗin kyauta ya iso, murfinsa na yoyo,
ban ce komai ba, na dai rubuta.
Takardar yabon na kafa ta da ƙusa can kusa da rufi,
don jiya na ga Iya Tabawa
ta ƙura wa hatiminta ido,
akuya kuma na bakin ƙofa.